Hank Williams: Uban da Ya Bar wa Ɗansa Suna, Jita da Kwalba

Yau za mu ɗan bar Kano da Mumbai su huta, mu leƙa kudancin Amurka wajen masu malafa da jita.

A shekarar 1979 wani mawaƙi da ake kira Hank Williams Jr. ya saki waƙa mai suna Family Tradition, wato dai gadon gida, ko al'adar gidanmu. Ta hau har mataki na 4 a jadawalin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard. Ba ta kai ta ɗaya ba, amma yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan, in aka sa ta a wajen biki ko wajen casu a jihohin kudu sai ka ji taro ya ɗauka gaba ɗaya, mai waƙa na jefa tambaya jama'a na ba shi amsa kamar 'yan amshi. Abin da ke cikinta a taƙaice shi ne, manyan masu harkar waƙa na birnin Nashville sun juya wa yaron baya don ya sauya salon kiɗa, mutane kuma sun dame shi da surutu a kan shaye-shayensa. Shi kuwa ya tsaya kai da fata a kan cewa shi ɗan gidan Williams ne, haka ya tarar ana yi, kuma yana alfahari da sunan ubansa.

To wane ne wannan uban da ake tinƙaho da shi haka? Shi nake so in ba ku labarinsa, don in ba ku san shi ba, waƙar za ta zo muku kamar surutun ɗan giya kawai.

Kafin nan, ga masu cewa mene ne kuma kantiri, ku tambayi iyayenku. Waƙoƙin Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton da aka daɗe ana sawa a gidajen rediyon Nijeriya da cikin motocin haya, ai su ne. Kiɗa ne na talakawan karkarar Amurka, manoma da direbobin manyan motoci da leburori, jita da goge irin nasu, da labari mai sauƙin ganewa. Kuma kar sunan ya ruɗe ku, Don Williams ba ɗan gidan Hank ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

An haifi Hank ranar 17 ga Satumba, 1923, a wani ɗan ƙauye da ake kira Mount Olive a jihar Alabama. Sunansa na yanka Hiram. Babansa Lon tsohon soja ne da ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo yana tuƙa jirgin ƙasa na wani kamfanin katako. Mahaifiyarsa Lillie ita ke kaɗa ogan a cocinsu, a gefenta yaron yake zama tun yana ƙarami, nan kunnensa ya fara buɗewa. An haife shi da lahani a ƙashin gadon baya, ƙasusuwan ba su gama haɗewa ba. Ku riƙe wannan da kyau. Ciwon bayan nan bai bar shi ba ko na yini ɗaya har ya koma, kuma duk wanda ya ba da labarin Hank ya tsallake shi, to rabin labari ya bayar.

A 1930 aka kwantar da Lon a asibitin tsofaffin sojoji saboda ciwo a ƙwaƙwalwa. Shekara takwas ya yi a can. Kun ga ke nan shi kansa Hank maraya ne mai uba, tun yana ɗan shekara bakwai. Lokacin kuwa tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutane na layin abinci. Lillie mace ce mai kamar maza, ta kwashi Hank da yayarsa Irene suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, Georgiana, Greenville, daga baya Montgomery a 1937. Har gobara suka yi a Georgiana, komai ya ƙone. Ta buɗe gidan haya tana dafa wa 'yan haya abinci, shi kuma Hank yana tallar gyaɗa yana goge takalma a titi. Da Lon ya samu sauƙi ya leƙo gida a 1938, Lillie ba ta yarda ya dawo ya zauna ba.

A kan titin nan ne ya gamu da malaminsa. Wani Baƙar fata ne mai suna Rufus Payne, ana yi masa laƙabi da Tee-Tot, yana kaɗa jita a bakin shaguna ana jefa masa kwabbai. Yaro ya liƙe masa, duk inda ya sa ƙafa yana biye, yana kai masa ɗan abincin da Lillie ta dafa ko 'yan canjin da ya samu, shi kuma yana nuna masa yadda ake riƙe kiɗa da yadda ake sa murya ta yi kuka irin na waƙoƙin bulus. A Alabama ta wancan zamani fa, inda Baƙi da Farare ba sa shan ruwa a famfo ɗaya. Hank da bakinsa ya sha faɗa bayan ya yi suna cewa duk horon kiɗan da ya taɓa samu daga wajen mutumin nan ne. Tee-Tot ya rasu a 1939 cikin talauci a Montgomery, aka binne shi a kabarin da ko alama babu. Bai ga abin da ɗalibinsa ya zama ba. Ni kam duk lokacin da aka kira Hank sarkin kantiri, sai na tuna akwai wani tsoho da ya kamata a ambata tare da shi.

A Montgomery ya canza suna daga Hiram zuwa Hank, wai ya fi dacewa da mawaƙin kaboyi. Ya ci gasar waƙa a wani gidan wasa mai suna Empire, aka ba shi dala 15. Ya riƙa tsayawa a ƙofar gidan rediyon WSFA yana waƙa har suka gaji suka shigar da shi ciki suka ba shi fili. Ya kafa ƙungiyarsa, Drifting Cowboys, ya bar makaranta a 1939, uwarsa ta zama manajansa, ita ke tuƙa su ita ke karɓar kuɗin ƙofa. Wuraren da suke wasa mashayu ne na bakin hanya inda dambe ke ɓarkewa kusan kowane dare. Yaro ɗan shekara goma sha shida, ga kuɗi a aljihu, ga baya na ciwo, ga giya ko'ina. Ba sai na ƙarasa muku ba. A 1942 gidan rediyon ya sallame shi saboda yawan zuwa aiki a buge. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe yaran ƙungiyarsa zuwa soja, shi aka ƙi ɗaukarsa saboda bayansa, sai ya tafi Mobile yana aikin ƙira a wajen haɗa jiragen ruwa.

Sai Audrey ta shigo. Sun haɗu a 1943 a wajen tallar magani, irin masu zuwa da mota da mawaƙa su tara jama'a sannan su fito da kwalabe. Audrey Sheppard bazawara ce mai 'ya ɗaya, kyakkyawa, mai buri kamar me. A Disambar 1944 aka ɗaura musu aure a wani gidan mai a garin Andalusia. E, gidan mai, inda ake shan fetur.

Masoyan Hank da yawa sun tsani Audrey, suna cewa ita ta kashe shi. Ni ban tafi a kan haka ba. Gaskiya ne tana son kuɗi, tana son ita ma a ce mata tauraruwa alhali muryarta ba ta kai ba, ta yi ta matsa masa sai ya sa ta a waƙa. Gaskiya ne ita da uwar mijinta ba sa ga maciji, kowacce na jan sa ta nata ɓangaren. Amma ita ce ta tura shi Nashville a 1946 lokacin da shi ya gamsu da zagayen mashayun Alabama. Kuma zama da mutumin da zai ɓace kwana uku ya dawo ba ya gane gabansa, ba abu ne da za ka zauna a inuwa ka yanke wa mace hukunci a kai ba. Sun so juna, sun kuma azabtar da juna, kuma mafi yawan waƙoƙinsa masu sa hawaye daga cikin gidan nan suka fito.

A Nashville suka samu Fred Rose, mai kamfanin buga waƙoƙi na Acuff-Rose. Wannan mutumin shi ya zame wa Hank uban da bai samu ba. Hank bai iya karanta rubutun kiɗa ba, bokonsa ma sama-sama ne, amma yana zuwa da baitoci a rubuce a 'yan takardu, Rose ya zauna ya gyara nan ya datse can. Ya fara naɗar faifai a Disambar 1946, a 1947 ya koma kamfanin MGM, waƙarsa Move It On Over ta karɓu. Labarin miji ne da ya dawo gida da tsakar dare matar ta kulle ƙofa, ya koma yana roƙon karen gidan ya matsa masa su kwana tare. Kun ga ba kuka kaɗai ya iya ba, akwai barkwanci. Masana kiɗa da yawa suna cewa in ka saurare ta da kyau za ka ji ƙafar kiɗan rok tun kafin a raɗa masa suna.

Babban dandalin kantiri a lokacin shi ne Grand Ole Opry, shirin rediyo na daren Asabar da tashar WSM ke watsawa kai tsaye daga zauren Ryman. Duk wanda bai hau nan ba, bai iso ba. Su kuwa sun ji labarin shansa, suka ƙi shi. Sai ya tafi Shreveport a jihar Louisiana a 1948, ya shiga wani shiri makamancinsa, Louisiana Hayride. A can ya fara rera wata tsohuwar waƙa ta 1922 mai suna Lovesick Blues, wadda ba shi ya rubuta ba. Fred Rose bai so a naɗe ta ba sam, yana ganin ɓata faifai ne. Hank ya kafe. Da ta fito a 1949 sai da ta yi mako 16 tana ta ɗaya. Dole Opry suka sauko. Ranar 11 ga Yuni, 1949, ya hau dandalin, ana ba da labarin sau shida jama'a suna dawo da shi da tafi.

Mako biyu kafin wannan dare, ranar 26 ga Mayu, Audrey ta haifa masa ɗa namiji, Randall Hank. Uban ya riƙa kiransa Bocephus, sunan wata 'yar tsana ce da wani ɗan barkwancin Opry ke wasa da ita. Sunan ya bi yaron har yau da ya tsufa.

Daga nan zuwa 1952 abin kamar ruwan sama. Dogo ne siriri, kamar iska za ta ɗauke shi, ga farar malafa ga kwat mai ado, in ya tsaya gaban makirfo sai ya ɗan rusuna yana karkaɗa gwiwa. Abin da ya bambanta shi shi ne sauƙin magana. Kalmomin da direba da mai wankin kwanuka ke amfani da su, da su yake waƙa, kuma namiji ne da ba ya jin nauyin cewa an yaudare shi, yana kaɗaici, yana kuka. A wancan zamani maza ba sa faɗin haka a fili. Ya fitar da I'm So Lonesome I Could Cry a 1949, ya fitar da Cold, Cold Heart da Hey, Good Lookin' a 1951. Da Tony Bennett ya sake rera Cold, Cold Heart da manyan kayan kiɗa irin na birni, ta zama ta ɗaya a duk Amurka, sai 'yan birnin da ke raina waƙar ƙauyawa suka fara tambayar wane ne ya rubuta wannan. Waƙoƙinsa fiye da goma ne suka hau mataki na ɗaya a jadawalin kantiri, alhali duka-duka shekarunsa na naɗar faifai ba su cika shida ba.

Akwai kuma wani Hank ɗin na daban. Mutumin da ke kwana a mashaya shi ne ya rubuta I Saw the Light, waƙar coci da har yau ake rerawa ranar Lahadi. Yana son yin waƙoƙin wa'azi da nasiha, kamfani kuma na tsoron kar wani ya jefa kuɗinsa a akwatin waƙa na mashaya yana neman ta rawa ya ji an hau shi da wa'azi. Sai aka ƙirƙiro masa wani suna, Luke the Drifter, yana fitar da irin waɗannan a ƙarƙashinsa. Kowa ya san shi ne, amma aka bar shi a haka.

Wani abin dariya da ban takaici ya faru a 1951. Wani ɗan siyasar Louisiana, Dudley LeBlanc, yana sayar da wani maganin ƙarfin jiki mai suna Hadacol, wanda kashi 12 cikin 100 nasa barasa ce. Ya ɗauki ayarin taurari har da Bob Hope suna zaga garuruwa, kuɗin shiga kuwa murfin kwalin maganin ne. Hank na cikinsu, kuma ana cewa in ya gama waƙa mai biyo bayansa sai ya sha wuya kafin jama'a su yi shiru. Tafiyar ta watse a tsakiya, cakin da aka ba su banki ya ƙi biya.

Ƙarshen wannan shekara ya je farauta ya faɗi, tsohon ciwon baya ya tashi gadan-gadan. Aka yi masa tiyata a Disamba a Nashville, ba ta yi wani amfani ba. Daga nan magungunan kashe zafi suka haɗu da giya. Shekarar 1952 kuwa komai ya zube a lokaci guda. Aurensa da Audrey ya mutu, ta tafi da gida da yaro da rabin kuɗin waƙoƙinsa. Ranar 11 ga Agusta Opry suka kore shi saboda ba ya zuwa wasa, in ma ya zo ba ya iya tsayuwa. Abin mamaki, makonni kaɗan bayan haka waƙarsa Jambalaya ta hau kan gaba a jadawalin kantiri. Ranar 23 ga Satumba ya shiga situdiyo karo na ƙarshe, ya naɗi Your Cheatin' Heart da Kaw-Liga da Take These Chains from My Heart a zama ɗaya. Mutumin da ake cewa ya ƙare ke nan fa. A Oktoba ya auri wata yarinya 'yar shekara 19, Billie Jean Jones, washegari aka maimaita bikin har sau biyu a kan dandali a New Orleans, jama'a na sayen tikiti suna kallo.

Sannan ga wani mugun iri da ya shigo rayuwarsa, Toby Marshall. Tsohon fursuna ne da ya sayi takardar shaidar likita ta bogi, ya ce shi gwanin raba mutane da giya ne. Maganin da yake ba shi wani mai sa barci ne mai ƙarfi, wanda haɗa shi da barasa ganganci ne da rai. Hank ya yarda da shi don yana samun barci.

An shirya masa wasa biyu na sabuwar shekara, ɗaya a Charleston ta jihar West Virginia, ɗaya a Canton ta jihar Ohio. Ya ɗauki wani ɗalibi matashi ya tuƙa shi a motarsa Cadillac mai ruwan sararin sama. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya. A Knoxville suka gwada jirgin sama, jirgin ya juyo saboda yanayi, wasan farko ya wuce su. A otal aka kira likita ya yi masa allurar bitamin haɗe da mofin, ma'aikatan otal suka ɗauko shi suka sa a kujerar baya, aka rufa masa bargo. Yaro ya yi ta tuƙi cikin dare. Da asubahin 1 ga Janairu, 1953, ya tsaya a garin Oak Hill ya taɓa shi ya ji jiki ya sandare. Zuciya ce ta tsaya. Shekararsa 29.

A Canton, da mai gabatarwa ya sanar wa jama'a, wasu dariya suka fara yi, sun ɗauka wani sabon uzurin ne na rashin zuwansa. Sai da mawaƙan da ke wurin suka ɗauki I Saw the Light sannan aka gane da gaske ne. Faifansa da ke kasuwa a lokacin sunansa I'll Never Get Out of This World Alive, ma'ana ba zan fita duniyar nan da rai ba. Waƙar barkwanci ce, amma bayan rasuwar ta haye ta ɗaya. Ranar 4 ga Janairu aka yi jana'izarsa a Montgomery, an ƙiyasta mutum tsakanin 15,000 zuwa 25,000.

Yanzu mu dawo kan ɗan. Shekararsa uku da rabi lokacin. Audrey ta biya Billie Jean dala 30,000 don ta daina amfani da sunan matar Hank a wajen wasa, ita ta riƙe sunan, ta kuma riƙe yaron a matsayin jari. Yana ɗan shekara takwas ta ɗora shi a dandali, an ɗinka masa kaya irin na uban, yana rera waƙoƙin uban da salon uban. Mutane na zuwa su yi kuka su tafi. A 1964 da aka yi fim ɗin rayuwar Hank mai suna Your Cheatin' Heart, George Hamilton ne ya fito a matsayinsa, amma muryar da ke waƙa ta yaron ce, bai wuce shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ba.

Mu a nan muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma mun san gidajen makaɗa inda ɗa ke tashi ya tarar da kalangu ko kotso na jiransa. Amma a irin wannan gadon uba na raye yana koya maka, ka yi amshi shekara da shekaru kafin a ba ka gaba. Shi Bocephus fatalwa aka ba shi ya goya. In ya rera tasa waƙar, jama'a su tashi su fita, su uban suka biya kuɗi su gani. Wasu ma har kawo masa kwalba suke yi don su ga ko zai sha kamar tsohon. Ya kuwa sha. Zuwa 1974, yana ɗan shekara 25, ya yi yunƙurin kashe kansa. Likita ya gargaɗe shi cewa a yadda yake tafiya ko shekarun uban ba zai kai ba. Sai ya tattara ya bar Nashville ya koma Alabama, ya fara haɗa kantiri da kiɗan rok na kudu tare da irin su Charlie Daniels.

Ya gama naɗar kundin farko na sabon salon ke nan, ranar 8 ga Agusta, 1975, ya je hawan dutsen Ajax a jihar Montana. Ƙanƙara ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa, ya gangaro kusan ƙafa 500, wajen mita 150, ya faɗa da fuska a kan dutse. Ƙoƙon kansa ya tsage, fuskar ta ragargaje. Ya rayu, amma sai da aka yi ta yi masa tiyata kusan shekara biyu, ya sake koyon magana da waƙa. Wata uku bayan faɗuwar Audrey ta rasu. Gemun nan da baƙin tabarau da malafa da ba ya rabuwa da su, tabon ranar suke rufewa. Fuskar da ake cewa ta yi kama da ta uban, dutse ya tafi da ita.

To wannan mutumin ne ya fito da Family Tradition a 1979, shekarar da ya cika 30, wato ya haye shekarun da uban ya tsaya. Jimmy Bowen ne furodusa, Charlie Daniels ya ja goge. In ka san duk abin da na zayyana, sai ka ji waƙar ta canza maka. Raddi ce ga mutanen Nashville. Su ne suka kori uban yana raye, da ya mutu suka rataye hotonsa ko'ina, a 1961 suka sa shi cikin mutum uku na farko da aka karrama a zauren tarihin kantiri tare da Jimmie Rodgers da Fred Rose. Yanzu kuma su ne ke cewa ɗan ya ɓata sunan gida don ya ƙi bin layi. Shi kuma yana nuna musu cewa ƙin bin layin ai shi ne gadon.

Wannan ɓangaren ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Inda nake tsayawa shi ne wajen kwalbar. Waƙar ta mayar da shan giya abin tutiya, ana rera ta ana ɗaga kofi ana shewa, alhali abin da ake wa shewar shi ne ya bar yaro ɗan shekara uku ba uba, ya kashe mutum a bayan mota cikin sanyi ba kowa a kusa sai direban haya. Hank babba bai taɓa yin alfahari da shansa ba, ya sha shiga asibiti don ya rabu da shi, ya kasa. Ina jin daɗin waƙar, kiɗanta na da motsa ƙafa, kuma na fahimci mai ita ya biya farashin kowace kalma. Amma in na ji dubban mutanen da ba su biya komai ba suna amsa ta, wani abu na ɗan tsaya min a wuya.

Ga 'yan fim, akwai I Saw the Light na 2015. Tom Hiddleston, Loki ɗinku na finafinan Marvel, shi ya fito a Hank, kuma da muryarsa ya yi waƙoƙin. Elizabeth Olsen, wato Wanda, ita ce Audrey. Fim ɗin bai samu yabon masu sharhi ba, kuma jikan marigayin, Hank Williams III, ya fito ya soki ɗauko Bature ɗan Ingila ya taka ɗan Alabama. A ganina 'yan wasan biyu sun yi ƙoƙari, labarin ne aka yanka shi gunduwa-gunduwa, an cika faɗan mata da miji an manta da nuna yadda waƙoƙin ke fitowa. Ku kalla don Olsen, sannan ku je ku nemi muryar mutumin ta asali.

Gidan bai ƙare a kan namiji ɗaya ba. Kwana biyar bayan rasuwar Hank, wata mata mai suna Bobbie Jett ta haifi 'ya mace a Montgomery, kuma tun kafin haihuwar ya sa hannu a takarda cewa zai ɗauki nauyinta. Lillie ta karɓe ta, amma ta rasu a 1955, yarinya ta koma hannun hukuma, wasu suka ɗauke ta riƙo. Ta girma ba ta san ko 'yar wa ce ba sai a farkon shekarun 1980. Ta shiga kotu, aka yi ta fafatawa da dangi har da shi Hank Jr., mai waƙar alfahari da gida, kafin a ƙarshen shekarun 1980 kotu ta tabbatar mata da rabonta na gado. Ita ma waƙa take yi, da sunan Jett Williams.

A ƙarshen shekarun 1980 aka tono wani tsohon faifan gwaji da Hank ya naɗa bai fitar ba, There's a Tear in My Beer. Ɗan ya ɗora muryarsa a kai, aka haɗa bidiyo da dabarar na'ura inda ya buɗe ƙofa ya shiga ya tsaya kusa da uban suna waƙa tare, ɗan shekara kusan 40 a gefen uban da ya girme wa yanzu. Ta ci kyautar Grammy. A 2010 kwamitin Pulitzer ya ba Hank lambar yabo ta musamman kan rubutun waƙa. Jikan nasa kuma a 2003 ya fara tara sa hannun jama'a yana neman Opry su mayar da sunan kakansa cikin mambobinsu, su kuwa sun ce mamba sai mai rai. Cadillac ɗin tana nan a ajiye a gidan tarihinsa da ke Montgomery, ana biyan kuɗi a shiga a gan ta.